Jar Tutar Baba Sigina

Idan ka sauka a Kafanchan ka tambayi gidan Gilbert Kumai, masu keke-napep za su dubi juna su ce ba su san shi ba. Amma ka ce Baba Sigina, sai mutum uku su yi rigimar wanda zai ɗauke ka, don kowa yana so ya ba ka labarin a hanya. To, kafin su cika maka shi da gishiri, bari in ba ka yadda abin ya faru. Ni gishirin da zan ƙara kaɗan ne.

Baba Gilbert ya yi shekara talatin da biyar yana aikin jirgin ƙasa. Shi ne mutumin nan da ke tsayawa a ƙofar tarago na ƙarshe, da hula a ka, da usur a wuya, da tutoci biyu, ja da kore. A faɗarsa, in ya ɗaga hannu ɗaya, ƙarfe mai nauyin dutsen Kagoro tsayawa yake yi cak. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da hular, da usur ɗin, da tutocin, da agogon aljihu mai sarƙa, da abin huda tikiti. Abin da bai dawo da shi ba shi ne wanda zai tsaya in ya ɗaga hannu. Ya gwada da akuyar gidansa, ta dube shi ta ci gaba da cin ganyen rogo.

Shi ya sa da aka sanar a majami'a cewa Lahadi mai zuwa, bayan sujada, za a zaɓi shugaban kwamitin tarbiyyar yara, Baba ya ji kamar an kira sunansa daga sama. Kujerar shugaban tana gefen ta Fasto, tana da katifa, kuma in mai ita ya ɗaga hannu kowa shiru yake yi. Abokin takararsa guda ne, Azariya, manomin citta, mutumin da ake jin dariyarsa tun kafin a hango babur ɗinsa.

Baba bai ɗauki Azariya a bakin komai ba, domin yana da shaida a gida: jikarsa Bernice, 'yar shekara goma sha huɗu. Yarinyar nan in za ta yi magana sai an kashe rediyo. Bara an sa ta faɗi ayar haddacewa a gaban ikilisiya, ta tsaya, ta buɗe baki, ta rufe, ta fita da gudu ta ƙofar mawaƙa. Kakarta Milka, matar Baba, ta yi kwana biyu abin yana damun ta. Shi kuwa Baba yawo ya yi ta yi yana cewa, “Kun ga tarbiyya? Yarinyar da ko aya ba ta iya ɗaga wa manya murya da ita!”

Ana gama sanarwar zaɓe, Malama Patricia ta makarantar Lahadi ta miƙe ta ce ranar Asabar da ƙarfe huɗu za a nuna wa yara fim a zauren majami'a. Baba ya tashi tun ba ta zauna ba.

“Wane irin fim?”

“Na ban dariya ne, Baba. Wasu 'yan Jos suka yi shi da Hausa. Labarin wata yarinya ce, Lucy, mai tsananin kunya, har ta koyi yarda da kanta.”

“Yarda da kanta? Iyayenta fa, ta daina yarda da su?”

“Ba haka ba ne, Baba.”

“Wa ya duba shi?”

“Na kalle shi sau biyu.”

“Kin kalla. Ni dubawa na ce. Fasinja ma ai yana kallon jirgi.”

Azariya ya ɗaga murya daga baya. “Fasto, a bar yara su yi dariya mana. Ban taɓa jin an kwantar da mutum a asibiti don ya yi dariya ba.”

“Azariya,” in ji Baba, “kai citta ka sani. Yaro ba a shanya shi a rana a ce ya yi. Shekara talatin da biyar ko kaza ba ta shiga jirgina ba tikiti. Mugun abu ba zai shiga idon yaran ikilisiyar nan ina tsaye ba.”

Fasto Nicholas mutum ne mai son salama, kuma yunwa ta fara cin sa. Ya ce Dattijo Gilbert ya duba fim ɗin, a rufe da addu'a.

Ranar Alhamis Malama Patricia ta kawo kwamfutarta gidan Baba. Ya sa hula, ya ajiye agogo a kan tebur, ya buɗe sabon littafi. Ya hana ta taɓa komai sai da allura ta hau ƙarfe huɗu daidai, sannan ya ɗaga koriyar tuta. Mama Milka tana gefe tana tsince acca a faifai.

Ba a yi nisa ba ya danna biro. “Huɗu da minti tara. Yarinya ta dubi mahaifinta cikin ido.”

“To ƙafarsa za ta duba?” in ji Milka.

“Ƙafa ce wurin duban uba, Maman Justin. Ki yi aikinki.”

Can kuma: “Huɗu da sha bakwai. Ta tsaya gaban madubi tana cewa ‘Zan iya, zan iya.’ Wannan in ba taɓin hankali ba ne, to tsafi ne.”

“Kai da kake sara wa madubi kowace safiya fa, Baban Justin?”

“Wannan duba hula ne.”

Da ƙarfe huɗu da talatin da ɗaya wani yaro ya miƙa wa Lucy biro a aji. Baba ya sa aka tsayar, ya ɗauko rula ya auna tsakanin hannayensu a jikin gilashi, ya samu bai kai inci biyu ba. Kuma da yake an tsayar da fim na minti ɗaya, sai da ya mayar da agogonsa baya da minti ɗaya kafin a ci gaba, don kada lissafi ya ɓaci. Da huɗu da arba'in da takwas kawun Lucy ya ce ta janye daga gasar magana ta makaranta ta bar wa ɗansa, ita kuwa ta ce, “A'a, Kawu.” Baba ya ja layi uku a ƙarƙashin wannan. Da huɗu da hamsin da biyu kawun ya zauna a kan tiren ƙwai, dariya ta ƙwace wa Baba har hularsa ta faɗi. Ya ɗauke ta, ya haɗe fuska, ya rubuta: “Wuri mai hatsari. Yana sa dattijo dariya ba da son ransa ba.” Da biyar da minti biyar aka yi rawa.

Fim ya ƙare biyar da kwata, da hatsari arba'in da ɗaya a littafi. Duk wannan lokaci akwai ƙafafu biyu a ƙarƙashin labulen ƙofar ɗaki. Milka ta gan su, ta san silifas ɗin Bernice, ta ci gaba da tsintar accarta.

Malama Patricia ta yi ajiyar zuciya. “To Baba, a fasa ke nan?”

“A fasa? Ana fasa tafiya don akwai gada a hanya? Sigina ake sawa. Yarinya, ranar Asabar za ki ga aikin da Turawa suka koya mana. Ranar Lahadi kuma ikilisiya za ta san wanda ya iya riƙon yara.”

Ranar Asabar tun ƙarfe biyu Baba yana ƙofar zaure cikin farar riga mai guga. Ya yanka tikiti daga kwalin sabulu. Ya raba bencina kashi uku: tarago na ɗaya na manya, na biyu na matasa, na uku na ƙanana. Da yake ya ce iyaye mata ba sa faɗin gaskiyar shekarun 'ya'yansu, sai ya zo da sanda mai zane biyu, kowa ya tsaya a auna tsawonsa.

Nan aka fara. Wani ɗan shekara tara mai tsawo kamar rake ya samu tarago na ɗaya, kusa da Fasto. Mama Miriyam kuwa, wadda ta haura tamanin, ta rako jikokinta, ba ta kai zane na farko ba.

“Tarago na uku,” in ji Baba, ya huda mata tikiti.

“Gilbert, ni ne na goye ka ranar da aka yi maka suna!”

“Mama, sanda ba ta san goyo ba.”

“Sandan ya ci gidanku,” in ji ta, ta je ta zauna cikin 'yan shekara huɗu, ta karɓe wa ɗaya biskit.

An rufe tagogi da zannuwan 'yan Zumuntar Mata. Allon kuwa farin zanen gadon Milka ne, aka rataye a igiya tsakanin ƙusoshi biyu, na'urar haska hoto tana fuskantarsa. Baba ya tsaya a gefensa, ya ba shi baya, ya fuskanci yara.

“Ku saurara! Jar tuta, ku rufe ido. Usur, ku toshe kunne. Koriyar tuta, ku buɗe. 'Yan tarago na uku, ku ƙara da sa kai a gwiwa.”

“Har ni?” in ji Mama Miriyam.

“Har ke.”

Malama Patricia ta ce, “Baba, ba za ka juyo ka riƙa ganin hoton ba?”

Ya buga littafinsa. “Mai sigina ba ya kallon daji. Agogo yake kallo.”

Saura minti ɗaya huɗu ta cika, Fasto ya ce ɗan'uwa Azariya ya buɗe da addu'a. Ban ce Azariya da gangan ya yi ba. Ni ba na shiga tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Amma ya yi addu'a domin yara, da iyayensu, da waɗanda suka yi fim, da hanyar da ta kawo shi daga Jos. Ya roƙa wa citta lafiya. Ya tuna da marasa lafiya na Zangon Kataf, ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce “Amin” da ƙarfi har sau huɗu, Azariya ya ɗauka ƙarfafa shi ake yi.

Ƙarfe huɗu da minti tara ya yi ana tsakiyar citta. Baba ya duba littafi, ya ga hatsari na farko. Aiki aiki ne. Ya ɗaga jar tuta, ya buɗe ido ɗaya ya duba zaure: kowa idonsa a rufe, har Fasto. Ya gyaɗa kai, ya rubuta, “Ɗari bisa ɗari.”

Fim ya tashi huɗu da sha ɗaya. Malama Patricia ta lallaɓo ta raɗa masa, “Baba, mun makara da minti goma sha ɗaya. Ka ƙara su a kan lissafinka.”

“Ba a taɓa jadawali.”

“Amma fim ɗin…”

“Zai ciko a hanya. Jirgi ya sha tashi a makare ya iso kan lokaci. Ke dai ki riƙe injinki.”

“Baba, fim ba ya ƙara gudu.”

“Direban da bai iya ba ke nan.”

Huɗu da sha bakwai, lokacin madubi a littafi, jar tuta ta tashi. A allo kuwa iyalin su Lucy sun zauna cin abinci, uban yana sa albarka. Yara suka rufe ido, da ya gama suka amsa gaba ɗaya, “Amin!” Baba ya dubi Azariya ta ƙasan hula, irin duban nan na ka gani ko. Ya ba su minti uku cur, ya ɗaga koriya. Yara suka buɗe ido daidai lokacin da Lucy ta ɗago kai ta dubi mahaifinta tsakiyar ido.

“Kai!” in ji zaure.

“Shiru a tarago!” in ji Baba.

Daga nan abu ya miƙe. Aka rufe wa yara ido a kan wata akuya da ke tsallaka titi. Aka rufe musu a kan uwar Lucy tana wanke-wanke. Da Lucy ta tsaya gaban madubi kuwa, koriyar tuta tana sama tana kaɗawa. Ƙananan tarago na uku suka kama, “Zan iya! Zan iya!” Mama Miriyam tana ba su amshi da tafi. Baba ya ɗauka biyayya ga sigina suke nufi.

“Za ku iya, 'ya'yana,” ya ce. “Kowa zai iya in ya samu shugaba.”

Huɗu da talatin da ɗaya, hatsarin biro, wanda ya haɗa ido da kunne. Baba ya cika ƙirji ya busa usur. Abin da bai sani ba, 'yan faretin majami'a suna bayan zaure da gangunansu tun ƙarfe uku, suna jiran mai koyar da su wanda bai zo ba. Da suka ji usur, suka ce ya iso. Ganguna suka tashi. Baba ya sake busawa don su yi shiru. A wurinsu busa biyu na nufin a fara tafiya. Ya leƙa ƙofa yana kaɗa musu hannu, ya manta koriyar tuta ce a hannun. Suka shigo a jere, mutum goma sha biyu, suka zaga zaure sau ɗaya, suka sara wa Fasto, suka ga fim, suka zauna a ƙasa.

“Tikitinku!” in ji Baba.

“Baba, ai kai ka kira mu.”

Bai gama huda musu kwali ba aka ɗauke wuta. Zaure ya yi duhu, yara suka yi ihu, aka buɗe ƙofar baya don iska. Kafin Azariya da Fasto su shawo kan janareto an ci minti tara. A cikin duhun nan Baba ya ɗaga ja sau ɗaya, kore sau ɗaya, yana haska agogo da tocilan, don jadawali bai san an ɗauke wuta ba.

Hoto ya dawo daga inda ya tsaya. Malama Patricia ta ce, “Baba, yanzu minti ashirin ne.”

“Ƙara wuta.”

“Ba shi da wurin ƙara wuta!”

“To ki yi shiru kar ki tsorata fasinja.”

Biyar da minti biyar, babban hatsari, rawa. Baba ya ɗaga ja da hannu biyu, ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito. Yara suka rufe ido, suka toshe kunne, 'yan tarago na uku suka kifa kai. Manya kaɗai suka ga abin da ke allo: kakar Lucy ce zaune a bakin gado, ta buɗe Littafi Mai Tsarki tana karanta mata Zabura.

Fasto Nicholas ya gyara tabarau. Ya jira minti ɗaya. Ya jira na biyu.

“Dattijo Gilbert.”

“Fasto, ina kan aiki.”

“Me Zabura ta yi maka?”

“Wace Zabura? Rawa ce. Ga shi a rubuce.”

“To yau na ga rawar da ake yi a zaune da tabarau,” in ji Azariya.

Baba ya yi tsaki, ya duba agogo, biyar da minti takwas, ya ɗaga koriya. Yara suka buɗe ido da kunne, muryar Lucy ta cika zaure, tas kamar ƙararrawar safiya: “A'a, Kawu.”

Zaure ya ɗauka. “A'a, Kawu! A'a, Kawu!” Mai babbar ganga ya buga mata ɗaya.

A karo na farko tun da ya fara aiki, mai sigina ya juya ya kalli daji. Ya ga Lucy, ya ga kawu, ya duba littafi, ya duba agogo, ya sake duba Lucy. Wannan yarinya ya kamata a ce ta wuce nan tun minti ashirin da suka shige.

“Ta makara!” ya yi ihu. “Ku rufe! Ku rufe komai!”

Ya yi tsalle gaban allo yana kaɗa jar tuta sama da ƙasa, hagu da dama, kamar mai kashe gobara. To, matar Fasto, wadda ake kira Mama Fasto, tana da wani talotalo da take kiwo domin Kirsimeti, ƙato, mai baƙin hali, wanda ko jan ɗankwali ba ya bari ya wuce ta gabansa. Tun da aka buɗe ƙofar baya yake tsaye yana nazarin al'amura. Da ya ga jan ƙyalle yana rawa cikin haske, ya buɗe wutsiya, ya ja fukafukai a ƙasa, ya shigo ba tikiti.

Sara na farko a gwiwa. Na biyu ya ɗan fi sama. Baba ya ɗaga masa tuta don ya tsaya, wanda shi ne kuskure mafi girma da aka yi a Kafanchan a wannan shekara. Suka zaga teburin da ake tara kuɗin baikon sujada sau biyu. Hula ta yi gabas, littafi ya yi yamma, igiyar usur ta tsinke. Baba ya jefar da tuta, ya haye benci, ya kama zanen allo don kada ya faɗi. Ƙusa ɗaya ta fita, ta biyu ta bi ta. Zanen gadon Milka ya sauko ya lulluɓe shi tun daga ka har gwiwa, ya tsaya a kan benci hannuwa a buɗe, fari fat, kamar abin da ake tsorata yara da shi. Talotalo ya taka jar tuta, ya tsaya a ƙasa yana gadi.

Hasken na'ura kuwa bai san an yi komai ba. Ya sauka daidai a kan Baba. Ga Lucy a ƙirjinsa, ga kawu a tumbinsa.

Baba ya fara kokawar fita, hoto ya wargaje. Sai aka ji usur. Busa ɗaya, gajere, mai kaifi.

“Baba! Tsaya cak!”

Shekara talatin da biyar ba wasa ba ne. Jikin Baba ya ji usur, ya tsaya tun kafin kansa ya ba da izini.

Kowa ya juya neman mai muryar. Bernice ce, tsaye a tsakiyar tarago na biyu, usur a hannu, tana haki.

“Wane ne wannan ya yi magana?” in ji Mama Miriyam.

“Jikar Gilbert ce.”

“Ashe yana da murya?”

Daga cikin zane aka ji, “Bernice? Ke ce? Zo ki cire ni.”

Yarinyar ta riƙe usur gam. Ta dubi Fasto, ta dubi kakarta. Milka ta gyaɗa mata kai kaɗan.

“A'a, Baba. Saura minti ashirin da bakwai. Ranar Alhamis ban ga ƙarshen da kyau ba, kanka ya tare.”

Azariya ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Fasto ya sa littafin waƙoƙi ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

“Fasto!” in ji zane. “Ka tsawata!”

“Dattijo, kai aka ba aikin fim ɗin nan. Ga shi kana riƙe da shi.”

“Baban Justin,” in ji Milka, “ɗaga hannun hagu kaɗan. Kan Lucy ya karkace.”

Ya yi niyyar sauka, talotalo ya yi gyaran murya. Ya ɗaga hannun hagu.

Haka aka kalli sauran. Da aka zo wurin da kawu ya zauna a kan tiren ƙwai, Baba ya ji ƙarar fashewar, ya tuna, sai allo ya fara girgiza tun daga tsakiya. Yara suka yi ca: “Baba, daina dariya, hoton yana rawa!” Rawar nan da ya ɗauka babban hatsari, a kan tumbinsa aka yi ta daga farko har ƙarshe, 'yan fareti suna taya ta da ganga. Lucy ta hau dandamali ta yi jawabinta a ƙirjinsa, ta ci gasa, aka rubuta sunayen 'yan wasa suna hawa daga gwiwarsa zuwa haɓarsa. Sai da suka ƙare Mama Fasto ta zo ta rungumi talotalonta, tana tambaya wa ya tayar masa da hankali.

Washegari bayan sujada aka yi zaɓe da 'yan takardu. Kafin nan, da aka nemi mai faɗin ayar mako, Bernice ta fito ta faɗe ta har na bencin ƙarshe ya ce a rage lasifika, aka ce ai ba a kunna ba. Fasto ya ƙirga ƙuri'u: Azariya ɗari da goma sha huɗu, Gilbert Kumai biyu.

Baba ya juya ya kama hannun matarsa. “Maman Justin, na gode. Ke kaɗai ce.”

“Ba ni ba ce. Ni Azariya na zaɓa.”

“To wa?”

Azariya ya ɗaga hannu daga kan kujera mai katifa. “Ni ne, Dattijo. Mutumin da ya ba ni abin da ka ba ni jiya, ba zan hana shi ƙuri'a ba.”

Hukuncin farko na sabon kwamiti bai ɗauki minti biyar ba: fim ɗin Lucy ya dace da yara daga shekara bakwai zuwa sama, ƙanana kuma su zo da iyayensu. Wanda ya haura sittin, sai da rakiyar jika.

Kada ka ɗauka Baba ya karaya. Kafin Laraba ya gaya wa masu keke na bakin kasuwa cewa tun farko ya ce fim ɗin yana da hatsari, ga shi yarinya ta kalle shi sau ɗaya da rabi ta ce masa a'a a gaban ikilisiya. Ya kuma tambaye su, daga nan har Kasuwan Magani, wa suka sani da aka taɓa nuna fim sukutum a jikinsa? Ya ce zaɓe na gaba saura shekara biyu kacal.

Ranar Alhamis da safe Milka tana dama kunu ta ji motsi a ɗaki. Ta leƙa. Ga Baba gaban madubi, hula a ka, ya turo ƙofa don kada a ji, yana raɗa wa kansa, “Zan iya. Zan iya.”

Ta koma kan kununta. Bernice ce ta amsa daga tsakar gida, da muryar da ta sa akuya ta daina cin ganye:

“Baba, ɗaga murya! Ba a jin ka!”